Na Ce Ya Jira Ni A Gindin Tsamiya

Ranar Lahadi ce, ƙarshen damina. An yanke gero, dawa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Na tashi da kiran sallar asuba daga masallacin ƙauyen da ke kusa da mu, don mu ma da shi muke sanin gari ya kusa wayewa. Ƙauyenmu ƙarami ne, can bayan Dudunni a ƙasar Kusada. Gida ashirin da 'yan kai, duk Kirista tun zamanin kakanmu. Ba zan faɗi sunanshi ba. Yanzu ba kowa a ciki.

Ƙarfe shida matata Rifkatu ta dama koko. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinshi yana jiran rana ta taɓa shi. Idanunshi sun yi yana, inuwa kawai yake gani. Ƙanena Iliya ya riga ya je rijiya sau biyu. Na same shi yana goge farar rigarshi da dutsen guga na gawayi da ya aro a maƙwabta. Ita kaɗai ce rigarshi ta kirki.

Ya ce, "Yaya, ina kwana. Duba mani, kwalar ta miƙe?"

Na ce ta miƙe. Na wuce. Na san abin da ya sa yake guga, na kuma san ba za ta yi mashi amfani ba.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san mu ba. Ni ne babba. Aji biyar na bar firamare na kama fartanya, ban taɓa barin Baba ko na damina ɗaya ba. Iliya kuwa ya sayar da fadamar da Baba ya ba shi, ya haɗa da shanun huɗa biyu, ya tafi haƙar zinari can yamma. Shekara tara. Inna ta rasu ba ya nan. Ni na haƙa kabarinta. Da bazarar shekarar da abin ya faru ya dawo da leda ɗaya a hannu, yana warin giya, haƙoranshi biyu sun fita. Baba bai gan shi ba, tarinshi ya ji daga bakin zaure. Ya tashi ba sanda, ya yi tuntuɓe da turmi, ya rungume shi yana kuka. Ya sa aka yanka bunsuru.

Na san labarin da ake karanta mana a coci, na yaron da ya cinye gadonshi ya dawo, uban ya yi mashi yanka. Tun ina yaro labarin nan yake ba ni haushi. A can dai dabbar ta uban ce. Wannan bunsuruna ne, na Kirsimeti nake kiwonshi.

A cocinmu akwai abin da muke kira horo. In mutum ya yi laifin da kowa ya sani, dattawa za su sa shi a bencin baya, kusa da ƙofa. Ba ya cin jibi, wato gurasa mai tsarki da ake rabawa a coci, ba ya tsayawa a gaba, ba ya buɗe baki a cikin sujada. In wa'adinshi ya cika, fasto zai kira sunanshi, ya fito ya roƙi gafara, jama'a su miƙe su karɓe shi. Iliya da ƙafarshi ya je ya ce a sa shi. Wata shida aka yanka mashi. Ya yi su ba fashi. Bai sake shan ko kurɓi ɗaya ba, wannan zan iya rantsewa. Lahadin nan wa'adin ya cika.

Amma ni ina cikin dattawa huɗu. Ranar Asabar da la'asar muka zauna. Fasto ya ce gobe a karɓe shi. Ya ce Allah ba ya ƙirga wa mai tuba watanni, tun yana nesa yake fita ya tarbe shi, mu ne dai muke da benci. Na ce, "Fasto, kai baƙo ne a nan. Mutumin da ya yi shekara tara a daji, wa ya san da wa yake waya? Garuruwa nawa aka ci saboda infoma ɗaya?" Aka ƙara mashi wata uku. Aka ce ni in faɗa mashi, tunda gidanmu ɗaya. Ban faɗa ba. Kalmar infoma kuma, mai kai wa ɓarayin daji labari, a kan Iliya ni na fara furta ta. Ban taɓa ganinshi da waya ba ma.

Ƙarfe tara aka buga ƙararrawa. Tsohon ƙarfen tayar mota ne, mun rataye shi a iccen bedi da ke gaban coci. Iliya ya riƙo hannun Baba har bencin gaba, ya zaunar da shi, ya koma baya. Mata suka yi waƙa. Aka tara baiko, sadakar da ake bayarwa a coci. Goma da kwata fasto ya karanta sanarwa. Ya gama, ya naɗe takarda, bai kira kowa ba. Na waiga. Iliya ya riga ya ɗaga rabin jikinshi daga benci. Ya dube ni. Ya koma ya zauna a hankali. Da aka fara wa'azi ya fita waje.

Goma da minti arba'in, agogon bango yana gabana, ya shigo da gudu. Bai tsaya a baya ba. Ya ratsa tsakiyar coci har gaban bagadi, inda fasto ke tsayawa.

"Ku fita! Ku fita, suna zuwa! Babura a kan tudu!"

Kai da ba ka taso a cikinmu ba, za ka ce mutum ya kawo labarin mutuwa, sai a gudu. Mu abin da muka gani shi ne mai horo ya tsaya a gaba yana ɗaga murya. Wata tsohuwa ta ce, "Ashsha, ya koma sha." Na tashi. Na cafki kwalar nan da ya goge. Na mare shi a gaban Baba. Na ja shi har ƙofar baya yana cewa, "Yaya, saurara, ka saurara mana," na tura shi waje. Na ja ƙofa na sa sakata. Na yi wa mata hannu su ta da waƙa don a rufe abin kunya. Suka tayar.

Ƙofar nan ta katako ce, ta kumbura da damina. In an sa mata sakata, sai an ɗaga ta da kafaɗa take zarewa. Mu biyu ko uku muka san haka.

A waje ƙararrawa ta fara ƙara. Ba bugun sujada ba, bugun hauka, ba tsayawa. Mata suka ƙara murya. Na ce a raina, bari a tashi, zai gane kurenshi. Minti biyar aka yi haka, ko shida. Na daɗe ina auna su. Daga coci zuwa cikin dawa, ko tsohuwa ba ta wuce minti biyu.

Harbin farko kamar an fasa gora ya yi. Na biyu ya huda kwanon rufi, haske ya sauko ta ramin. Sai ƙarar babura ta cika ko'ina, ta gabas, ta hanyar rijiya. Waƙa ta yanke a tsakiya. Jama'a suka yi ƙofar baya gaba ɗaya. Ta ƙi buɗewa. Suna turawa, ita kuwa ɗagawa take so. Na ji muryoyi a waje. "Ku kwanta! Ina shanun? Kai, tsaya nan!"

Ban je na ɗaga ƙofar ba. Ban nemi Rifkatu ba, ban nemi ɗiyana mata biyu ba. Ban tuna da Baba ba. Ta taga na fita. Wannan shi ne gaskiya. Daga baya na ji fasto ne ya buɗe ƙaramar ƙofa ta gefen bagadi, wadda ke kallon gonaki, mutane suka bi ta nan.

Babur ɗina yana bayan coci. Na buga sau uku bai tashi ba. A na huɗu ya kama. Ina juya kai sai ga Iliya ya fito ta ƙaramar ƙofa, Baba a bayanshi kamar goyo. Kowa fita yake, shi shiga ya yi ya ɗauko shi. Ƙafar wandonshi ta hagu ta jiƙe da jini. Ya ɗora Baba a bayana, ya hau ƙarshe, ya ce, "Ja!"

Muka bi 'yar hanyar rafi. Tayar baya ba ta da isasshiyar iska, tun ranar Juma'a nake cewa zan ƙara. Mu uku, ga laka. Babur yana tafiya kamar jaki. A bayanmu harbi bai tsaya ba, hayaƙi ya fara tashi daga wajen rumbuna. A bakin rafi tayar ta nutse. Iliya ya sauka da kanshi. Ya tura mu da ƙafa ɗaya har muka hau gaɓa. Ya ce, "Ba za ta ja mu uku ba, Yaya. Tafi da Baba."

Akwai tsohuwar tsamiya a wurin, dab da hanya. Ya jingina da ita, ya cire farar rigar yana ɗaure cinya. Na ce, "Jira ni nan. In ajiye Baba in dawo. Kada ka motsa daga gindin tsamiyar nan, don in same ka."

Ya ce, "To."

Dawa tana taku goma daga inda yake.

Sha ɗaya da rabi muka isa ƙauyen Malam Isiyaku. Limami ne, abokin Baba tun suna samari, tare suke zuwa cin kasuwar Kankia. Sun ji harbin, maza sun fito da gora da adda. Malam ya sauke Baba da hannunshi, ya shigar da shi zaure, ya ce a kawo ruwa. Baba bai sha ba. Ya kama hannun rigata ya ce, "Koma."

Malam ya ce ga babur ɗinshi mai lafiya, ga mutum biyu su raka ni. Na ce a'a, ni kaɗai na fi sauri. Na karɓi babur ɗin.

Na yi tafiya kamar ta rabin hanya. Akwai wata kuka a gefen gonar wake. Daga nan ana jin harbi sarai, ɗaya-ɗaya yanzu, ba gaggawa, kamar masu aikin da ba wanda zai hana su. Na tsaya. Na kashe babur. Na ce bari ya lafa kaɗan. Na sauka. Na zauna a kan saiwar kukar.

Tsoro ne, ban musa ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ina zaune sai na fara ce wa kaina, to ta yaya ma ya riga kowa ganinsu? Me ya fitar da shi waje daidai lokacin? Ni na ƙirƙiri maganar jiya, ga shi yau ina shanta kamar magani. Na san ni na fitar da shi waje. Na san abin da ya sa yake zaune shi kaɗai a gindin bedi. Duk da haka na riƙe ta, don in ba ita, dole in tashi.

Na ji kiran azahar daga ƙauyen Malam. Na ta da babur na koma can. Baba ya fito bakin zaure, ya ƙi komawa ciki. Na ce, "Ba shi nan. Na duba ko'ina. Ya tafi."

Baba ya saki sandarshi ta faɗi.

Da la'asar Rifkatu ta fito daga dawa da yaran, ƙafafunsu duk ƙaya. Matan gidan Malam suka ba su zane da fura. Mutanenmu suka yi ta fitowa, biyu-biyu, uku-uku, wasu ba takalmi. Kafin magariba aka samo motar ɗaukar kaya ta kwashe mu zuwa Kankia. Wani ɗan'uwan Rifkatu mai sayar da hatsi ya ba mu ɗaki ɗaya a bayan shagonshi.

Washegari maza suka koma da jami'an tsaro. Na bi su. Mutum shida muka binne. Huɗu a cikin coci muka same su, a bakin ƙofar baya. Ni na sa kafaɗa na ɗaga ta. A dawowa muka bi ta rafi. Na kau da kai daga tsamiyar. Wani ya ce ga jini a gindinta, ga sawun shanu da yawa. Ba gawa.

Cikin mako ɗaya magana ta gama zagaya mutanenmu. Iliya ne ya kawo su. Shi ya sa ya san suna zuwa. Shi ya sa yayanshi ya koma bai same shi ba, ya bi abokanshi. Har yaba mani ake yi, wai tun farko na gano shi. Marin da na yi mashi ya zama abin kirki. Sakatar kuwa ba mai tada zancenta, an ɗora duka a kanshi. Ban gyara wa kowa ba. Maganar ta rufe ni kamar bargo, na kwanta a ciki.

Fasto kaɗai ya ƙi. A ɗan ɗakin da muke taruwa ran Lahadi a Kankia, ya ce shi ya ga wanda ya shiga ta ƙaramar ƙofa lokacin da kowa ke fita. Ya yi ta wa'azin makiyayin da ya bar garke ya koma neman tunkiya ɗaya. Ya ce haka Almasihu yake, ba ya cewa bari harbi ya lafa. A'a, bai faɗi wannan ba. Ni na ji haka. Na daina zuwa.

Baba kuma ya ɗauki wata ɗabi'a. Kullum da safe sai in kai shi bakin titin Kano zuwa Katsina, inda motocin haya ke tsayawa. Wani mai shayi ya ba shi gefen benci. Yana zaune har azahar, kunnenshi a kan masu sauka. In mutum ya yi tari sai ya ɗaga kai. Ni in tafi dakon buhu a kasuwa, in dawo in ɗauke shi. 'Yan kamasho suna ce mashi Baba Mai Jiran Baƙo. Yana dariya da su. Shekara ɗaya da wata huɗu muna haka.

Ba wani abin mamaki ne ya sa na faɗa ba. Ban yi mafarki ba, ban ji murya ba. Gajiya na yi. Wata Talata na zo ɗaukarshi, mai shayi ya tafi salla, mu biyu ne a bencin. Na durƙusa a ƙasa, a cikin ɓawon rake da leda, na ce, "Baba, ban koma ba. A gindin kuka na zauna. Ban je rafin ba."

Wata tirela ta wuce. Ya jira ƙararta ta yi nisa.

Ya ce, "Na sani, Ayuba."

Ashe Saratu, wadda mijinta yana cikin huɗun nan na bakin ƙofa, a cikin dawar bakin rafi ta ɓuya ranar. Tana ganin Iliya. Ta yi ta kiranshi ƙasa-ƙasa ya shigo, ya ce Yaya ya ce kada ya motsa, in ya shiga dawa ba zai gan shi ba. Tun sha ɗaya yake nan. Wajen ƙarfe uku ɓarayin suka biyo hanyar da shanunmu. Suka ɗaga shi suka ɗora a babur. Ba ta ga wani ya zo nemanshi ba. Kwana uku da zuwanmu Kankia ta faɗa wa Baba. Ta so ta faɗa wa kowa, ya roƙe ta ta bari.

Na ce, "Ka bari ana zagin Iliya, ka sani?"

Ya ce, "Shi zagi ba ya kai mashi inda yake. Kai kuwa da an tona ka, da ka gudu, in rasa biyu." Ya lalubo kaina da hannu. "Da bakinka nake so in ji. Kana tsammani shi kaɗai nake jira a nan? Tashi, mutane na kallo. Kai ni gida, yunwa nake ji."

Da ya tsine mani da na fi jin daɗi. Da gaske nake faɗa. Na saba zama wanda bai yi laifi ba, na iya wannan. Wannan ɗayan ban iya ba. Na riƙe hannunshi muka tsallaka titi, ban iya ganin gabana ba, shi makaho shi yake ce mani ga mota.

Lahadin da ta biyo na je sujada. Na tsaya a gaba na faɗi duka: taron Asabar, infoma, mari, sakata, kuka. Wasu suka fita. Wani da ƙanwarshi ta mutu a ƙofar ya tofa yawu a gabana, har yau ba ya amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinshi ba. Saratu ba ta ɗaga kai ba. Sannan fasto ya kira sunan Iliya, cikakke, kamar yana nan. Ya tambayi jama'a ko sun karɓe shi. Suka miƙe. Ba wanda ya fito.

Fasto yana ce mani Allahn da ya karɓi Iliya tun kafin mu zauna taronmu, shi ne dai yake karɓata. Don Iliya na yarda, ba ko shakka. Don kaina, wata rana in yarda, wata rana in kasa. Ya ce in ci gaba da zuwa haka nan. Ina zuwa.

Baba ya rasu da daminar bara, a ɗakin nan na bayan shago. Ba a taɓa kiranmu a waya ba. Waɗanda suka kuɓuto daga daji, duk wanda na samu na tambaye shi, ba wanda ya ga mai haƙora biyu a fice. Kafin Baba ya cika ya ce kada a yi wa Iliya sujadar mamaci, tunda ba a ga gawa ba. Ba mu yi ba.

In aka tambaye ni mutum nawa muka rasa ranar, shida nake cewa. Na bakwai ban san inda zan sa shi ba.